Bakin Ma'aikaci da Fuskarsa: Darasi daga Littafin Nehemiya

Karatu: Nehemiya 2:1-20, 4:16-23, 5:1-19, 6:1-9.
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 4:6.

Gabatarwa

Yawancin sa'o'in da mutum ya ke a farke a wurin aiki ya ke cinye su, wani a gona, wani a kasuwa, wani a ofis ko asibiti ko makaranta, wani kuma a gareji ko shagon ɗinki. A can kuwa ba hannu kaɗai ke aiki ba. Maigida ya kan ba da umarni, yaro ya kan kawo labari, abokan aiki su kan yi shawara, wani lokaci kuma su yi gardama. Idan maganar ta tafi daidai, aikin ma ya kan tafi daidai. Idan ta karkace, har abincin gidan mutum ya kan tsaya, gama ma'aikaci mai ƙwazo ya iya rasa aikinsa saboda kalma guda da ya furta cikin fushi.

Magana kuwa iri biyu ce. Akwai ta baki, wadda kunne ke ji. Akwai kuma wadda ido ke gani, watau ta fuska, da tsayuwa, da motsin hannu, da yin shiru, da lokacin da mutum ya zaɓa domin ya buɗe baki. Mutanen dā sun san wannan sarai, shi ya sa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Cikin wannan darasi za mu bi sawun wani bawan Allah wanda ya yi aiki ƙarƙashin sarki, daga baya kuma ya zama shugaban ma'aikata, mu ga yadda ya riƙe magana iri biyun nan.

1. Mutumin da wurin aikinsa

Nehemiya Bayahude ne, amma a Shushan ya ke zaune, ɗaya daga cikin biranen sarautar Farisa. Kufan birnin yana nan har yau cikin ƙasar Iran. Aikinsa shi ne shayar da sarki Artashate na fari, wanda ya yi mulki daga shekara ta 465 zuwa ta 424 kamin haihuwar Almasihu. Kada mu ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Mai shayarwa shi ne mutumin da sarki ya amince da shi a kan ransa, domin guba cikin ƙoƙo ita ce hanya mafi sauƙi ta kawar da sarki. Artashate kuwa yana da dalilin yin tsaro, gama ubansa Ahasurus a cikin fādarsa aka kashe shi, da makircin mutanen da ke kusa da shi.

A shekara ta 20 ta sarautar Artashate, wajen shekara ta 445 ke nan, a watan Kisle, ɗan'uwan Nehemiya mai suna Hanani ya zo daga Yahuda da mugun labari: garun Urushalima a rushe ya ke, ƙofofinta an ƙone su da wuta, mutanen da suka ragu suna cikin wahala da kunya. Nehemiya ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. Amma bai faɗa wa sarki kome ba sai a watan Nisan. Tsakanin watannin nan biyu akwai wajen wata huɗu. Kowace rana yana miƙa ƙoƙo, abin yana cin zuciyarsa, bakinsa kuwa a rufe.

Me ya sa ya jira haka? Littafin Ezra sura 4 ya nuna mana wannan sarki da kansa ya taɓa ba da doka a tsai da ginin Urushalima, bayan da aka kai masa ƙara cewa birnin na 'yan tawaye ne. Ashe abin da Nehemiya ke so shi ne sarki ya juya maganar da ya riga ya yanke. Irin wannan roƙo ba a yinsa da gaggawa. Darasi na fari ke nan a gare mu: magana mai nauyi tana bukatar a kai ta gaban Allah tukuna, a auna ta, a kuma jira lokacinta.

2. Fuska ta riga baki

Ran da maganar ta fito, ba Nehemiya ne ya fara ta ba. Sarki ne ya dubi fuskarsa, ya ga ta ɓaci, ya kuma lura ba ciwo ke damunsa ba, baƙin cikin zuciya ne. Nehemiya ya gaya mana abu biyu a nan. Na ɗaya, bai taɓa ɓata fuska gaban sarki ba kamin wannan rana. Na biyu, da ya ji tambayar, tsoro mai yawa ya kama shi, gama ɓacin fuskar mai shayarwa ya isa ya sa sarki ya yi zaton akwai wata ƙulalliya.

Sai mu lura da na farin da kyau. Da a ce Nehemiya mutum ne mai ɗaure fuska kullum, da sarki bai ga wani sabon abu ba ran nan. Sakin fuskarsa na shekaru shi ne ya ba ɓacin fuskarsa na yini guda ma'ana. Ma'aikacin da ke gunaguni kowace safiya, ran da ainihin damuwa ta same shi ba mai kulawa, domin an saba.

Littafi Mai-tsarki ya nuna mana karatun fuska a wurin aiki a wasu wurare kuma. Yakubu ya yi wa Laban kiwo shekara 20, a ƙarshe kuwa daga fuskar Laban ya gane zaman ya ƙare (Farawa 31:2). Yusufu, sa'ad da aka sa shi ya lura da mai shayarwar Fir'auna da mai tuyarsa a kurkuku, ya shiga da safe ya ga fuskokinsu a ɓace, ya tambaye su dalili (Farawa 40:6-7). Daga wannan tambaya ce hanyarsa zuwa gaban Fir'auna ta buɗe, ko da shi ke sai bayan shekara biyu. Mai bi ya kamata ya zama mai ido irin wannan. Idan abokin aikinka mai yawan raha ya wuni shiru, ka matsa kusa ka tambaye shi lafiya a keɓe.

Amma akwai gargaɗi. A ƙasarmu wurin aiki guda ya kan tara kabilu da yawa, kowace da tata al'ada. Yaron da aka goya da ladabin sunkuyar da kai gaban babba, wani shugaba ya kan ɗauka yana ɓoye laifi ne da ya ƙi duban idonsa. Wanda kuma aka koya masa duban mutum ido da ido, wani ya ce ba shi da kunya. Wani ya kan durƙusa domin gaisuwa, wani ya rusuna, wani ya miƙa hannu kawai. Kada mu yanke wa mutum hukunci da ma'aunin gidanmu. Sarki Artashate da kansa, da ya ga fuska, tambaya ya yi, ya kuma saurari amsa.

3. Yadda a ke roƙo gaban shugaba

Bari mu dubi amsar Nehemiya a hankali, gama kowane ma'aikaci zai tsaya wata rana gaban maigidansa da wata bukata, ko ta hutu, ko ta kayan aiki, ko ta ƙarin albashi.

Ya fara da gaisuwar da ta dace da sarki, ya yi masa fatan tsawon rai. Bai bar zafin zuciyarsa ya cinye ladabinsa ba.

Ya faɗi gaskiyar damuwarsa, amma ya zaɓi ƙofar da zai shiga. Idan ka karanta aya ta 3 zuwa ta 5 za ka ga bai ambaci sunan Urushalima ba. Ya kira ta birnin da kaburburan kakanninsa su ke. Ba ƙarya ya yi ba, haka abin ya ke. Sai dai ya san sunan birnin zai tuna wa sarki da tsohuwar ƙara, alhali kuwa girmama kaburburan iyaye abu ne da sarki zai fahimta nan da nan. Hikima ke nan, kuma dabam ta ke da wayo. Mai wayo ya kan ɓoye gaskiya domin ya ruɗi mai ji. Mai hikima ya kan faɗi gaskiya ta hanyar da mai ji zai iya karɓa.

Da sarki ya tambaye shi abin da ya ke so, Nehemiya ya yi addu'a ga Allah na sama kamin ya amsa. Addu'ar nan ba ta fi ƙiftawar ido ba, sarki ma bai sani ba. Wannan ɗan tsayawa tsakanin tambaya da amsa ya ceci mutane da yawa daga da-na-sani, gama magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Sa'an nan ya faɗi bukatarsa sarai, ba kewaye-kewaye. Sarki, da sarauniya zaune kusa da shi, ya tambayi tsawon tafiyar da ranar dawowa, Nehemiya kuwa ya sa lokaci. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga hakiman hayin Kogin Yufiretis domin su bar shi ya wuce. Ya roƙi wasiƙa zuwa ga Asaf, mai tsaron kurmin sarki, domin katakon ƙofofi da na garu da na gidan da zai zauna. Ka ga har sunan mai riƙe da katakon ya sani. Ashe watannin nan huɗu, tare da addu'a, ya yi ta lissafi. Yawancin roƙon da a ke hanawa a wurin aiki, mai roƙon ne bai shirya ba: an tambaye shi nawa, bai sani ba, an tambaye shi yaushe, ya ce sai yadda hali ya yi.

4. Gani kamin faɗi

Da ya isa Urushalima da wasiƙun sarki da mahayan dawakai, da wani ne da ya tara mutane ran nan ya yi shela. Nehemiya ya yi kwana uku shiru. Sa'an nan ya tashi da dare tare da mutane kaɗan, da dabba guda wadda ya hau, ya fita ta Ƙofar Kwari ya duba rusassun wuraren, har ya kai inda dabbar ba ta sami hanyar wucewa ba. Bai gaya wa kowa abin da ke zuciyarsa ba sai da ya gani da idonsa. Sabon shugaban da ya fara ba da umarni kamin ya san wurin, tsofaffin ma'aikata za su ce to, su kuma ci gaba da abin da suka saba.

Sa'ad da ya yi magana, ka lura da kalmar da ya yi amfani da ita a aya ta 17. Shi baƙo ne daga fāda, ba shi ne ya bar garun a rushe shekaru da yawa ba. Duk da haka bai ce wahalarku ba, bai ce ku gina ba. Ya sa kansa cikin wahalar, ya sa kansa cikin ginin. Ya ba su labarin alherin Allah da maganar sarki, domin su san aikin yana da tushe. Mutanen kuwa suka amsa da baki ɗaya. A sura ta 3 kuma ya rubuta sunayen magina ɗaya ɗaya da rabon kowa, har da maƙeran zinariya, da masu yin turare, da 'yan kasuwa, da 'ya'yan Shallum mata. Kiran mutum da sunansa da ambaton aikinsa ba ya cin ko kwabo, amma yana ƙara wa hannu ƙarfi.

5. Ƙaho guda, ma'ana guda

Garun yana da tsawo, maginan sun warwatsu nesa da juna, abokan gāba kuwa suna shirin kawo hari. Muryar mutum ba za ta kai ko'ina ba. Saboda haka Nehemiya ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, ya kuma bayyana wa manya da talakawa tun da wuri cewa duk inda suka ji ƙaho, can za su taru. Alama ɗaya ce, ma'anarta ɗaya, kowa kuma ya san ta kamin ranar bukata.

Manzo Bulus ya kawo misalin ƙaho a 1 Korintiyawa 14:8, inda ya nuna busar da ba a gane ta ba ba ta tā da kowa zuwa yaƙi. Haka umarni ya ke. Maigidan da ya ce wa yaronsa a gyara wurin nan, bai faɗi wane gyara ba, bai faɗi yaushe ba, shi ne da laifi in aikin ya lalace. Yaron kuma da ya ce na ji alhali bai gane ba, domin kunyar tambaya, ya ba da shaidar da ba gaskiya ba ce. Hanya mai kyau ita ce wanda aka aika ya maimaita saƙon da bakinsa kamin ya tashi. A asibiti, ko wurin gini, ko inda a ke aiki da injuna, wannan ɗan maimaici ya kan tsare rai.

6. Tsautawa cikin gaskiya

Ana cikin gini sai kuka ya tashi daga cikin gida. Talakawa da matansu suka kawo ƙara cewa sun jinginar da gonakinsu da gidajensu saboda yunwa da harajin sarki, har waɗansu 'ya'yansu sun shiga bauta a hannun 'yan'uwansu Yahudawa. Nehemiya ya saurara, bai ce su yi shiru domin aiki na gaba ba. Ya husata ƙwarai, bai kuwa ɓoye mana ba. Amma aya ta 7 ta ce sai da ya yi shawara da zuciyarsa kamin ya fuskanci manyan. Wannan shi ne abin da Yaƙub 1:19 ke koyarwa a kan saurin ji da jinkirin magana da jinkirin fushi.

Ya faɗa wa masu laifin laifinsu a fuskarsu, bai bi bayansu da tsegumi ba. Ya tara jama'a domin zaluncin a fili aka yi shi, ya kuma shafi jama'a duka. Ya ce shi ma da 'yan'uwansa suna ba da rance, saboda haka dokar da ya kawo ta hau kansa. Ya faɗi abin da za a yi da ranar yinsa: a mayar da gonaki da gidaje a ranar nan. Da suka yarda, ya kira firistoci aka rantsar da su. Daga ƙarshe ya kakkaɓe shafin rigarsa gaban kowa, alamar yadda Allah zai kakkaɓe wanda ya karya alkawarin. Mai yiwuwa ne waɗansu su manta da kalmomin, amma ba mai manta rigar da aka kakkaɓe.

Me ya ba maganarsa nauyi har manya suka rasa ta cewa? Ƙarshen surar ya ba mu amsa. Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ke hakkin mai mulki ba, ko da shi ke mutum 150 ke ci a teburinsa. Ya sa hannunsa cikin aikin garun, bai sayi gona ba. Zamansa ya riga ya yi wa'azi kamin bakinsa ya buɗe. Shugaban da ke zuwa a makare ba zai iya tsauta wa mai makara ba, ko da ya ɗaga murya.

7. Buɗaɗɗiyar wasiƙa

Sanballat da Geshem suka aika sau huɗu suna kiransa zuwa filin Ono, da nufin su cuce shi. Sau huɗu ya ba da amsa iri ɗaya, gajeriya, ba zagi a ciki: yana kan babban aiki, ba zai bar shi ya sauko ba. A karo na biyar Sanballat ya aiko da wasiƙa a buɗe, mai zarginsa da shirin tawaye da neman sarauta. A zamanin nan wasiƙa zuwa ga mai mulki a kan naɗe ta a buga mata hatimi. Barinta a buɗe saƙo ne shi kansa, domin duk wanda ta bi ta hannunsa ya karanta, jita-jita ta bazu. Nehemiya ya musanta zargin da jimla guda, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannuwansa, ya koma aikinsa. Aka gama garun cikin kwana 52.

Buɗaɗɗiyar wasiƙa ba ta ƙare da Sanballat ba. Wanda ya rubuta laifin abokin aikinsa cikin zauren WhatsApp na ma'aikata, inda mutum talatin za su gani, alhali ya iya kiransa gefe, irin wasiƙar nan ya aika. Ubangijinmu ya koya mana a Matiyu 18:15 mu fara zuwa wurin ɗan'uwa shi kaɗai. Saƙon waya kuma ba shi da fuska, ba shi da murya, shi ya sa wasa ya kan zama zagi a idon mai karantawa. Magana mai zafi ko mai nauyi, a tashi a je a yi ta baki da baki.

Abin da za mu riƙe

Ayar haddacewarmu ta kwatanta maganar mai bi da abincin da aka sa wa gishiri daidai. Gishiri in ya yi kaɗan abinci ya yi lami, in ya yi yawa ba ya ciwuwa. Abokan aikinmu da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma kwana biyar ko shida kowane mako suna jin bakinmu, suna kallon fuskarmu. Ubangiji ya ce daga cikar zuciya ne baki ke magana (Luka 6:45), saboda haka gyaran harshe daga zuciya ya ke farawa. Nehemiya ya iya magana da sarkin Farisa domin ya saba magana da Allah na sama.

Tambayoyi

1. Wata nawa Nehemiya ya jira kamin ya yi wa sarki magana? Me ya yi cikin watannin nan?
2. Don me ya ji tsoro da sarki ya lura da fuskarsa?
3. Ka lissafta abubuwan da ya roƙa a 2:5-8. Me suka nuna game da shirinsa?
4. Mene ne bambancin hikima da wayo cikin magana? Ka kawo misali daga wurin aikinka, ba tare da ambaton sunan kowa ba.
5. Don me Nehemiya ya tsauta wa manya a fili, alhali Matiyu 18:15 ya ce a fara a keɓe? Yaushe kowace hanya ta dace?
6. Karanta Rut 2:4-16. Me gaisuwar Bo'aza ga masu girbinsa da umarninsa a kan Rut ke koya wa masu gida?

Aikin mako

Kowace safiya ka gai da mafi ƙanƙanta a wurin aikinka da sunansa. In aka ba ka umarni, ka maimaita shi kamin ka tashi. In rai ya ɓaci, ka yi gajeriyar addu'a irin ta Nehemiya kamin ka amsa. Idan kuwa akwai wanda ka yi maganarsa a bayansa, ka neme shi kamin Lahadi mai zuwa ku shirya.